Rufe Iyaka Ba Ya Cika Rumbu: Martani Ga Mai Kiran A Sake Garƙame Boda

Tun da farashin hatsi ya karye a kasuwannin Arewa cikin shekarar 2025 manoma suke kuka, kuma kukan nasu na gaskiya ne. Mutum ya sayi takin zamani da ɗan karen tsada, ya biya 'yan ƙwadago, ya zuba fetur a injin ban-ruwa, sannan ya kai masara ko shanshera kasuwa ya tarar abin da ake tayawa ba zai mayar masa da uwar kuɗinsa ba. Ana cikin wannan hali ne wani marubuci ya fitar da maƙala yana kira ga gwamnatin tarayya ta koma kan turbar 2019, wato a rufe iyakokin tudu ruf, a haramta shigo da shinkafa da masara baki ɗaya, 'yan Najeriya su ci abin da suka noma. A ganinsa ƙasar da ke sayen abincinta a waje ba ta da cikakken 'yanci, tsadar da za a sha kuwa ta ɗan lokaci ce. Ya kafa hujja da injinan casar shinkafa da suka yawaita a Kano da Kebbi da Jigawa, da kuma ƙasashen Asiya da suka kare manomansu har suka tsaya da ƙafafunsu. Ban yi shakkar cewa tausayin manomi ne ya sa malamin ya ɗauki alƙalami ba. Sai dai abin da yake nema an yi shi a ƙasar nan ba sau ɗaya ba, an ga abin da ya haifar, kuma waɗanda suka fi jin jiki su ne mutanen da yake son ya kare.

Kuskurensa na farko shi ne ɗaukar yawan abin da ƙasa ta noma a matsayin ma'aunin ƙoshin jama'arta. Waɗannan abubuwa biyu ne, kuma tarihin yunwa ya sha nuna bambancinsu. Masanin tattalin arzikin nan na Indiya, Amartya Sen, ya bibiyi yunwar Bengal ta 1943 wadda ta ci rayuka kusan miliyan 3, ya nuna cewa ba ɓacewar shinkafa daga ƙasar ba ce ta kashe mutane, farashinta ne ya tsere wa ladan leburori da masunta da masu ƙananan sana'o'i. Ba sai mun je nesa ba. A shekarar 2005 jihar Maradi, wadda ke cikin wuraren da suka fi noma a Nijar, ita ce ta cika da yara masu tamowa, alhali buhunan gero suna jibge a kasuwa. Abin da ya ƙara dagula lamarin a wancan lokaci shi ne ƙasashen maƙwabta sun taƙaita fitar da hatsi, kowa ya riƙe nasa, farashi ya yi sama a inda ake cikin buƙata. Tun a taron abinci na duniya da aka yi a birnin Rum a 1996 aka amince cewa ƙasa ba ta wadatu ba sai kowane mutum yana iya samun isasshen abinci mai gina jiki a kowane lokaci, kuma aljihunsa yana iya kaiwa gare shi. Don haka tambayar da ya kamata a yi wa kowace manufa ita ce, kwano nawa mai gadi ko malamin firamare ko ɗan dako zai iya aunawa a ƙarshen wata bayan an zartar da ita.

Idan aka yi wa haramcin shigo da abinci wannan tambaya, amsar ba ta da daɗi. Gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da shinkafa da masara a 1985, ta biyo da haramcin alkama a 1987. An zuba kuɗi a noman alkama a Kano da wasu jihohi, burodi ya yi tsada, fulawa ta riƙa shigowa ta ɓarauniyar hanya, a 1992 aka janye haramcin alkamar ba tare da ƙasar ta kusanci wadata ba. Har yau mafi yawan alkamar da ake niƙawa a Najeriya daga waje take zuwa. Na shinkafa kuwa ya kai 1995, shekara goma cur, kuma da haramci kaɗai yana mayar da ƙasa mai dogaro da kanta, da tun a lokacin an gama magana. An sake ɗaga harajin shinkafa zuwa kashi 110 cikin 100 a 2013. A watan Yunin 2015 Babban Bankin Najeriya ya hana masu shigo da kayayyaki 41 samun dala a farashin gwamnati, shinkafa tana ciki. A 2016 aka hana shigo da ita ta kan tudu. Waɗannan matakai biyu na ƙarshe suna aiki lokacin da aka rufe iyakokin gaba ɗaya a watan Agustan 2019. A watan da aka rufe, alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna hauhawar farashin abinci tana wajen kashi 13 cikin 100. A Disamban 2020, lokacin da aka buɗe iyakokin Seme da Illela da Maigatari da Mfun, ta haura kashi 19. Za a ce ai annobar korona ta faɗo a tsakani, naira ma ta yi rauni. Haka ne, kuma ba na ɗora wa rufe iyaka laifin tsadar duka. Amma farashin ya fara hawa wata bayan wata tun kafin kowa ya ji sunan korona, kuma wanda ya yi alkawarin cewa tsadar ta ɗan lokaci ce, shi ke da nauyin nuna mana lokacin da ta sauka. Ba ta sauka ba a duk tsawon lokacin da iyakokin ke rufe.

Akwai wani abu da masu wannan ra'ayi ba sa son tsayawa a kansa, shi ne wane ne wannan manomi da ake cewa zai ci riba idan hatsi ya yi tsada. Mafi yawan manoman Arewa masu 'yan ƙananan gonaki ne, kadada ɗaya ko biyu, wasu ma ba su kai ba. Irin wannan magidanci yana sayar da amfaninsa ne da kaka, lokacin da kowa ke kai nasa kasuwa, saboda bashin taki yana jiransa, ga kuɗin makarantar yara, ga aure ko suna, ga asibiti. Kafin ruwa ya sauka rumbunsa ya yi ƙasa. Daga watan Yuni zuwa Agusta, lokacin da aikin gona ya fi tsanani, shi ma mai saye ne, yana aunar gero da dawa a farashin da ya ninka wanda ya sayar. Tsadar da ake cewa gata ce a gare shi tana riskarsa ne a lokacin da yake saye, ribar kuwa tana tafiya ga wanda ya iya sayen buhu dubu da kaka ya ajiye zuwa damina, da mai babban injin casa wanda aka kore masa abokan gogayya, da ɗan fasa-ƙwauri. Sannan ga miliyoyin da ba su da gona ko kaɗan: 'yan gudun hijira a Maiduguri da Gusau, matan da mazajensu suka mutu, makiyayi mai sayar da akuya ya sayi hatsi, mai kiwon kaji wanda tsadar masara ta rufe masa gida. Haramcin shigo da abinci haraji ne da ake karɓa daga tukunyar waɗannan mutane, kuma da yake talaka ya fi kashe mafi yawan abin da yake samu a kan ci, shi ne ke biyan kaso mafi nauyi.

Batun fasa-ƙwauri ba ƙaramin gefe ba ne a wannan magana, shi ne cibiyarta. Iyakar Najeriya da Nijar kaɗai ta kai wajen kilomita 1,500, mafi yawanta fili ne da gonaki da garuruwan da dangi ɗaya ke zaune a ɓangarorin biyu. A shekarun da Najeriya ta tsananta haraji, Jamhuriyar Benin, ƙasar da yawan jama'arta bai kai na birnin Legas ba, ta zama cikin manyan masu sayen shinkafar Tailan a duniya, kuma kowa ya san ba a Kwatano ake cinye ta ba. Da aka rufe iyaka shinkafar ba ta daina shigowa ba, ta koma kan babura da ƙananan motoci da hanyoyin daji, kuɗin da ya kamata ya shiga asusun gwamnati ya koma na goro a shingaye, mai saye ya biya kuɗin haɗarin. Wanda ya tsaya cak shi ne ɗan kasuwa na halas. Mai kai kaya daga Dawanau zuwa Maradi da Damagaram, da mai kawo albasar Galmi da wake da dabbobi daga Nijar, da masu kamfanonin da ke sayar da kayansu a Ghana da Togo, duk sun yi asara. A Nuwamban 2019 aka hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, wanda hakan ya bugi manoman rani na Jibiya da Illela da Kamba kai tsaye, domin injin ban-ruwa ba ya tashi da kishin ƙasa. Kuma ƙofar da aka rufe don kada abinci ya shigo, ita ce ake rufewa don kada ya fita. A farkon 2024, da tsada ta kai maƙura, an ga jami'ai suna tare motocin hatsi masu nufin ƙetare iyaka, wato a daidai lokacin da manomi zai sami kasuwa mai kyau sai aka toshe masa ita.

Hujjar da ta fi ƙarfi a maƙalar ita ce ta injinan casa, kuma ba zan musa ba. An gina manyan masana'antu, an sami ayyukan yi, shinkafar gida ta rabu da tsakuwa, mutane da yawa da a da ba sa cin 'yar Hausa sun koma cinta. Noman shinkafa ya ƙaru a Kebbi da Jigawa da Kano da Ebonyi. To amma a duba yadda ya ƙaru da kuma abin da aka kashe. Shirin ba manoma lamuni na Anchor Borrowers, wanda Shugaba Buhari ya ƙaddamar a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, ya laƙume sama da naira tiriliyan 1. A farkon 2023 Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya ce kashi 24 cikin 100 kawai aka biya, Babban Banki ya ce a'a, kashi 52 ne. Ko da an ɗauki alƙalamin bankin, kusan rabin kuɗin bai dawo ba. A Janairun 2022 aka jera dalar shinkafa a Abuja ana murna, amma buhu bai yi sauƙi a kasuwa ba. Dalilin shi ne ƙarin da aka samu ya fito ne galibi daga faɗaɗa fili, ba daga ƙarin abin da kadada ɗaya ke bayarwa ba. Matsakaicin abin da manomin Najeriya ke samu yana wajen tan 2 na shanshera a kadada, alhali na Biyetnam yana samun kusan 6, na Masar ya fi haka. Injinan da aka gina sun fi ƙarfin shansherar da ake nomawa, shi ya sa da yawa ba sa aiki da cikakken ƙarfinsu ko a lokacin da iyaka ke rufe. Masana'antar da ba za ta rayu ba sai an hana talaka sayen abinci mai sauƙi har abada, ba a gama gina ta ba.

Abin da ya sa shinkafarmu da masararmu ke da tsadar nomawa ba ya kan iyaka, yana cikin gida. Ranar 28 ga Nuwamban 2020 aka yi wa manoman shinkafa na Zabarmari yankan rago a gonakin Koshebe a jihar Borno, aka binne 43 a rana ɗaya. A ranar iyakokin ƙasa suna rufe. A Zamfara da Katsina da Sakkwato da Birnin Gwari da sassan jihar Neja, 'yan bindiga suna sa wa ƙauyuka haraji kafin shuka da kafin girbi, gonakin da ke nesa da gari sun koma daji, kuma wannan kuɗin fansa yana cikin farashin kowane kwano da ake aunawa a birni. Ga batun ruwa. Tun 1976 aka kafa hukumomin raya kogunan ƙasa, ga madatsun ruwa na Tiga da Bakolori da Goronyo da Dadin Kowa, amma har yau filin da ake yi wa ban-ruwa bai kai kashi 5 cikin 100 na ƙasar noma ba, kuma sai da aka ciyo bashin Bankin Duniya a 2014 kafin a fara yashe magudanan Kadawa da Bakolori da kwarin Hadeja da suka cushe. Ga taki. A Abuja shugabannin Afirka suka zauna a 2006 suka yi alkawarin kai amfani da taki zuwa kilo 50 a kowace kadada, Najeriya ba ta kai rabin haka ba. Abin da ya fi ciwo shi ne ƙasar tana da manyan masana'antun yuriya, na Dangote a Lekki da aka buɗe a 2022 mai ƙarfin tan miliyan 3 a shekara, da na Indorama a Eleme, amma kaso mai yawa jirgin ruwa ke kwashewa zuwa Birazil da wasu ƙasashe, domin manomin gida ba shi da kuɗin saye. Ga cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, wanda ya ninka kuɗin ban-ruwa da na dakon kaya. Ga ambaliyar 2022 da ta cinye gonaki a Jigawa da Kogi da Binuwai. Ingantaccen iri ma akwai shi, cibiyar Samaru a Zariya da ta Badeggi a jihar Neja sun fitar da iri-iri na masara da wake da shinkafa, amma malaman gona da za su kai wa manomi su nuna masa sun yi ƙaranci ƙwarai. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da kwastam zai gyara.

Shi ya sa misalin Asiya da marubucin ya kawo ya fi zama hujja a kansa. Gaskiya ne Indiya da Indunusiya sun kare kasuwanninsu, amma kariyar ba ita kaɗai ta tafi ba. Indiya ta kafa hukumar sayen hatsi ta ƙasa a 1965, tana sanar da mafi ƙarancin farashin da za ta sayi shinkafa da alkama kafin a yi shuka, ta shimfiɗa ban-ruwa, ta raba iri mai yawan yabanya. Sannan abin da ta saya tana mayar wa talakawa da rahusa, kuma dokar da ta yi a 2013 ta ba mutum kusan miliyan 800 haƙƙin samun wannan hatsi. Indunusiya ta kafa hukumar Bulog a 1967 don ta riƙa saye idan farashi ya faɗi, ta fitar idan ya tashi. Waɗannan ƙasashe sun tallafi manomi da hannu ɗaya, sun tallafi mai ci da ɗayan, kuɗin kuma daga baitulmali ya fito, ba daga bakin marayu ba. Mu kuwa mun ɗauki haramcin, wanda ba ya cin gwamnati ko sisi, muka bar sauran aikin mai wuya. An gina rumbunan ajiya na zamani a jihohi da dama, aka ba 'yan kasuwa hayar da yawa daga cikinsu. Da jama'a suka fito zanga-zangar tsada a Minna da Kano a Fabrairun 2024, abin da gwamnati ta ba da umarnin fitarwa daga rumbunanta tan 42,000 ne. A raba wannan ga mutum sama da miliyan 200, kowa ba zai tashi da rubu'in kilo ba.

Saura hujjar 'yanci, wadda na ɗauke ta da muhimmanci. Dogaro da kasuwar duniya yana da haɗari na gaske. Yaƙin Rasha da Yukiren da ya ɓarke a Fabrairun 2022 ya tayar da farashin alkama da taki a ko'ina. A Yulin 2023 Indiya, wadda ke fitar da kusan kashi 40 cikin 100 na shinkafar da ake cinikinta a duniya, ta hana fitar da wani nau'in farar shinkafa, farashi ya yi tsalle. Dala ma ba mu da ita a yalwace. Duk wannan dalili ne na a noma da yawa a gida, a kuma daraja gero da dawa da wake da rogo da doya waɗanda su ne ainihin abincin mafi yawan jama'a kuma ba ma jiran jirgin ruwa a kansu. Amma ba dalili ba ne na a toshe hanyar shigowa, domin haɗarin cikin gida bai fi na waje sauƙi ba. Shekarar da fari ya faɗo, ko ambaliya ta share fadamu, ko tsutsa ta cinye masara, ƙasar da ta rufe ƙofarta ba ta da inda za ta juya. A Yulin 2023 gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan abinci, a Yunin 2024 hauhawar farashinsa ta haura kashi 40 cikin 100. Ƙiyasin da gwamnati da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar ya nuna mutum sama da miliyan 30 na cikin matsananciyar yunwa. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara 652 suka mutu da tamowa a cibiyoyinta na jihar Katsina cikin watanni shidan farko na 2025. Wanda ke neman a sake tayar da farashin abinci da gangan a irin wannan ƙasa, wajibi ne ya faɗa mana abin da iyayen waɗannan yara za su ci kafin noman da yake hasashe ya nuna.

Inda muka haɗu da marubucin shi ne yadda aka tafiyar da dakatar da harajin kwana 150 da aka sanar a Yulin 2024 kan masara da alkama da wake da shinkafar da ba a gama casarta ba. An gindaya sharuɗɗan da manyan kamfanoni kaɗai ke iya cikawa, an yi jinkirin aiwatarwa har kayan suka riski na gida a kasuwa, kuma ba a tanadi komai ba don tare faɗuwar farashi, a daidai lokacin da shinkafa ke yin sauƙi a kasuwar duniya bayan Indiya ta sassauta haninta. Manomi ya shuka da lissafin wani farashi, ya girbe a kan wani. Wannan zalunci ne, amma tushensa rashin tabbas ne, yau a rufe gobe a buɗe, kuma sake garƙamewa zai ƙara wa rashin tabbas ɗin wani babi ne kawai. Abin da zai amfani manomin Kura ko Argungu shi ne haraji matsakaici wanda aka rubuta a doka na shekaru, kowa ya san shi kafin ya yi shuka, mai sauƙin da ba zai bar wa ɗan fasa-ƙwauri ribar da za ta sa ya bi daji ba. Kuɗin da aka tara daga harajin a ware shi ga yashe magudanai da rage farashin taki da injinan ban-ruwa masu aiki da hasken rana. Gwamnatocin tarayya da na jihohi su sanar da farashin da za su sayi masara da gero da shanshera da kaka, su saya a hannun ƙungiyoyin manoma ba 'yan kwangila ba, su cika rumbunan da aka gina, su fitar a watan Yuli ga makarantu da sansanonin 'yan gudun hijira da kasuwannin da farashi ya tsere. Kafin duk wannan kuma, a tsare hanyar gona a Zamfara da Katsina da Borno, domin manomin da ya biya ɗan bindiga kafin ya shiga gonarsa ba zai iya gogayya da kowa ba, ko iyaka tana buɗe ko tana rufe.